Sabuwar kwamfuta: rubutu ko ƙanana ko dishi-dishi, ina matsalar take?

Saisi_Bagalam
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kan kwamfuta. Ina riƙe da shagon saisi da fotokopi, mafi yawan aikina memwar (kundin kammala karatu) ɗin ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne da faktir (takardar lissafin ciniki) na 'yan kasuwa. Tsohuwar kwamfutata mai inci 15.6 ta gaji, sai aka kawo mini wata ta hannu mai inci 14, Windows 10 a kanta. Mai sayarwa ya ce ekran ɗinta Full HD ne. Hoto kam ba a magana, tar yake fita. Amma ga inda gizo ke saƙar. In na bar girman a kashi 100, komai ƙanana, sai na kai hanci bakin ekran kafin in karanta. In na maida shi 150 yadda na'urar ta ba da shawara, Word da burauza su yi kyau, amma wani tsohon logisiyel (manhaja) da nake fitar da faktir da shi ya yi dishi-dishi, har 3 da 8 su rikice mini. Sannan in na jona babban ekran na tebur mai inci 24, tagar da na jawo daga ƙaramin sai ta kumbura kafin ta daidaita, wata kuma ba ta daidaita sam. Ekran ɗin ne ke da lahani in maida musu, ko akwai abin da ban sani ba?

Dan_Goulbi_227
Wa alaikumus salam. Maida musu kayansu tun da wuri Malam. Kayan hannun nan da ke zuwa cikin kwantena, wani an canja mishi ekran tun can, ba ka sani. Ni hwa abin da ban gane kanshi ba, ba ni kwana da shi.

Injiniya_Zariya
Malam Saisi, kada ka maida, lafiyar ekran ɗinka ƙalau. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne piksel, wato ɗan ɗigon da ire-irensa ke haɗuwa su zama hoto a ekran, ba shi da tsayayyen girma. In mutum ya ce maka ya jera ƙwaya ɗari, sai ka tambaye shi ta gero ko ta gujiya, don tsawon layin ba zai zo ɗaya ba. Tsohuwar taka, in irin waɗanda suka cika gari ce, 1366 a 768 ce, wato kusan piksel 100 a kowane inci. Sabuwar 1920 a 1080 ce aka matse cikin inci 14, kusan 157 ke nan a inci. Buton da aka zana da faɗin piksel 100, a tsohuwar inci guda ne, a sabuwar ko kashi biyu cikin uku na inci bai cika ba. Shi ya sa ka ga komai ya tsuke.

Windows tun asali ta ɗauka kowane ekran 96 ne a inci, shi take kira kashi 100. Kashi 125 na nufin 120, kashi 150 na nufin 144, kashi 200 kuma 192. Logisiyel na zamani yakan tambayi Windows a kan nawa ake, sai ya zana haruffansa da butocinsa daidai da amsar, shi ya sa Word ya fito maka tsaf. Tsohon logisiyel bai san da wannan zance ba. To tun zamanin Windows Vista, abin da Windows ke yi wa irinsa shi ne ta bar shi ya zana tagarsa a kan 96 ɗin da ya sani, ta ɗauki abin da ya zana a matsayin hoto, ta ja shi har ya kai girman da ka zaɓa. A kashi 150, kowane piksel biyu sai sun cike gurbin uku. Na ukun daga ina zai fito? Sai a gauraya launin na dama da na hagu a ba shi. Wannan gaurayen shi ne dishi-dishin da kake gani, kuma shi ya toshe bakin 3 har ya so ya zama 8.

Dan_Goulbi_227
To Injiniya, in haka ne mi ya hana shi sauke rezolisiyon ɗin ya koma 1366 ɗin da ya saba? Magana ta ƙare.

Injiniya_Zariya
Sai dai ta fara. Yawan piksel ɗin gilashin ba ya canzawa, 1920 ne ko ka so ko ka ƙi. In ka ba shi 1366 sai ya shimfiɗa shi a kan 1920, kusan ninki 1.4. Yanzu logisiyel ɗaya ne ke dishi-dishi, in ya bi shawararka har Word ɗin da agogon ƙasa sai sun bi sahu.

MaiGyara_SabonGari
Injiniya ya gama bayani, ni ga abin da za ka taɓa. Rufe logisiyel ɗin. Danna dama a kan ikon ɗinsa, ka shiga Propriétés, sannan Compatibilité. A ƙasa akwai buton da aka rubuta Modifier les paramètres PPP élevés. Cikinsa ka sa alama a akwatin ƙasa, zai buɗe maka zaɓi uku: Application, Système, da Système (amélioré). Fara da na ukun. In bai yi ba ka gwada na farko. Kowane ka zaɓa sai ka sake buɗe logisiyel ɗin kafin ka ga canji.

Amma kafin nan gaya mini, babban ekran ɗin da wace waya ka jona shi? In mai shuɗin kai ce mai ƙusoshi biyu, VGA ke nan, ita kanta tana sa rubutu ya yi inuwa, musamman doguwa mai araha. Sau da yawa a kawo mini aiki ana cewa Windows ce, in canja waya zuwa HDMI, shike nan. In dole sai VGA, a danna buton Auto da ke jikin ekran ɗin.

Saisi_Bagalam
HDMI ce Malam. Bari in sallami wani yaro da ke jiran fotokopi in gwada.

Hajiya_MaiAtamfa
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Ni ma ɗana ya kawo mini irin wannan ƙaramar don lissafin shago, na ce masa rubutun ya yi ƙanƙanta, ya ce wai idona ne, in je a auna ni a ba ni gilashi. Ashe ba ni kaɗai ba ce. Zan nuna masa wannan zaure yau ɗin nan.

Mushe_Lissafi
Hajiya, gilashin ma a je a auna, ba ya ɓaci, amma yaronki bai yi miki adalci ba. Ga yadda kowa zai gane wa kansa kafin ya sayi na'ura. Ka ɗauki faɗi ka ninka shi da kansa, ka ɗauki tsawo ka ninka shi da kansa, ka haɗa, ka fitar da tushen (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka jimlar), sannan ka raba da incin ekran. Ka'idar Pitagor ce da muke koyarwa a kolej, yara na tambaya me za ta amfane su. Na 1920 a 1080 tushen ya kama 2203. Raba da 24, ka samu kusan 92, shi ya sa babban ekran ɗin Malam Saisi yake zaune lafiya a kashi 100, ya kusa da 96. Raba da 15.6, ka samu 141. Raba da 13.3, ka samu kusan 166. Duk sunansu Full HD a bakin mai sayarwa, alhali ba abu ɗaya ido ke gani ba.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba. In ka sa 1920 a 1080 a kashi 150, filin aikin da ya rage maka daidai yake da 1280 a 720. Ku lura, 720 bai kai 768 na tsohuwar ba. Wato ya sayi ekran da ya fi yawan piksel, amma layukan Excel da yake gani lokaci guda sun ragu. A kashi 125 filin ya zama 1536 a 864.

Daliba_L3
Mushe wallahi wannan ne ya same ni! Akwai wani logisiyel na kididdiga da muke aiki da shi, in na buɗe wata taga sai buton OK ya faɗa can ƙasan ekran, ba ya ganuwa, tagar kuma ba ta matsuwa. Sai dai in danna Entrée in yi fatan alheri.

Mushe_Lissafi
Shi ne 720 ɗin nan. An zana tagar ne da tunanin ba wanda tsawon ekran ɗinsa zai gaza 768. Sauke zuwa 125 ki gani.

Saisi_Bagalam
Na dawo. Da Application rubutu ya fito tar kamar an wanke, na yi murna, sai na buɗe faktir. Haruffan sun girma amma akwatunan suna nan yadda suke. Gurbin Montant da ya kamata ya nuna 1 250 000 sai ya nuna 1 250 0, sauran sifilin sun shige bayan layi. Buton Enregistrer kuma ya koma Enregis. Kun san a sefa sifili shi ne kuɗin, ba zan iya aiki haka ba. Da Système (amélioré) kuwa menu da sunayen akwatuna sun yi kyau, lambobi sun cika, amma ikon-ikon na sama da teburin da kaya ke jeruwa a ciki suna nan da hazonsu. Da sauƙi dai, ba a warke ba.

Kodo_Tasawa
Bari in yi magana a madadin masu rubuta logisiyel, tunda mu ake zagi a zuci. Abin da ya faru da kai a Application ga shi: ka gaya wa Windows ta cire hannunta, logisiyel zai ji da kansa. Shi kuma wanda ya rubuta shi ya ba da girman harafi da ma'aunin puwan, wanda ke bin ma'aunin na'ura, amma faɗin akwati ya rubuta shi da piksel, ya ce 80, ya wuce. Harafi ya girma da rabi, akwati ya tsaya a 80. Sifili biyu suka rasa wurin zama.

Système (amélioré) ya shigo ne da sabuntawar Windows 10 ta 2017, wadda ake kira 1703. Dabararsa ita ce ya tare rubutu da layukan da logisiyel ya zana ta tsohuwar hanyar zane ta Windows da ake kira GDI, ya zana su da cikakken kaifi. Hotuna ba ruwansa da su, ikon mai piksel 16 a 16 sai dai a ja shi. Abin da aka zana ta wata hanyar daban ma ba ya kama shi, ina jin teburin naka ke nan.

Kuma don Allah a riƙa yi wa mutanen da uzuri. Wanda ya rubuta logisiyel a 2005, yawancin ekran da ke gabansa ba su yi nisa da piksel 96 a inci ba. Gyaran ba layi ɗaya ba ne. Kowace taga sai an sake mata tsari, kowane ikon sai an sake zana shi a girma daban-daban ko a maida shi SVG, irin hoton da ke girma ba tare da hazo ba. In kamfanin ya rufe ko mutumin ya bar sana'ar, wa zai yi?

Pingwin_Mokoyo
Ku bar Windows ku dawo Linux ku huta.

Kodo_Tasawa
Ɗan'uwa ji tsoron Allah. A wannan fannin dai ba ka da bakin magana.

Pingwin_Mokoyo
Haha, to na ji. Gaskiya a nan kowa da kashi a gindinsa. GNOME, ɗaya daga cikin tsarin tebur na Linux, ya daɗe ba ya ba da komai sai 100 ko 200, ba tsakiya. A inci 14 irin ta Malam Saisi, 100 ya yi ƙanƙanta, 200 kuma filin ya koma 960 a 540, ko takarda ɗaya ba ta shiga. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta sa maɓallin kashi-kashi (irin su 125 da 150) a saituna tun fitowarta ta 20.04. A Wayland, sabuwar hanyar zana tagogi a Linux, kowane ekran na iya samun nasa ma'auni, amma tsofaffin manhajojin X11, wato tsohuwar hanyar, da ke bi ta gadar XWayland sun daɗe suna fita da hazo, ciwo ɗaya da na Windows. A ƙarshen 2022 aka ƙara wa Wayland ka'idar kashi-kashi ta gaskiya, kuma KDE Plasma 6, wani tsarin teburin, da ya fito a Fabrairun 2024 ya zo da sauƙi sosai. Ni KDE nake, a 125, ba na kuka. Wanda ya maƙale da manhaja ɗaya yana iya tashinta da saitin QT_SCALE_FACTOR ko GDK_SCALE, sai dai na biyun lamba cikakkiya kawai yake karɓa.

Dan_Goulbi_227
Wanga yaro kullum sai ya kawo muna Linux. Mutum na neman sifilinshi kana karanta mishi baƙaƙe.

Zane_AliDanSofo
Ni aikina zanen alluna da katin biki, da Mac nake yi, kuma ban san wannan ciwon kai ba. Apple da suka tashi, ninki biyu cif suka yi. iPhone 4 a 2010, piksel 326 a inci. MacBook Pro mai Retina a 2012, 2880 a 1800 cikin inci 15, amma yana nuna maka fili kamar 1440 a 900. Kowane piksel ɗaya na da ya zama huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance. Ba rabi, ba kwata, ba abin gaurayawa.

Injiniya_Zariya
Gaskiya ne Zane, amma faɗi sauran. In ka zaɓi girman da ba ninki biyu ba, Mac na zana komai a babban fili ne sannan ta rage shi ya shiga gilashin, wato ita ma tana jan hoto, sai dai piksel ɗin sun yi ƙanƙantar da ido ba ya kamawa. Kuma tun Mojave a 2018 suka kashe tsohuwar dabarar gyara gefen haruffa, shi ya sa Mac a kan ekran na tebur mai 92 a inci rubutunsa bai kai na Windows kaifi ba. Su ke ƙera na'urar su ke rubuta tsarin, suna da ikon cewa kowa ya bi. Windows kuwa dole ta ɗauki logisiyel ɗin faktir na shekara ashirin da ekran na bana a lokaci guda.

Zane_AliDanSofo
Na yarda da batun ekran na waje. Amma kuɗinta ne matsalar, ba kaifinta ba.

Malam_MaiAjami
Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu, kuma abin ya shafe ni ta wata fuska. Ina buga wa almajirai darussa da Larabci da ajami. A boko in harafi ya yi hazo kana iya cankar kalmar. A namu rubutun bambancin ba da ta da sa ɗigo ne, ɗaya a ƙasa, biyu a sama, uku a sama. In hazon nan ya zo, ɗigo biyu su manne su zama ɗaya, wasali ya haɗe da harafin da ke ƙarƙashinsa. A tsohon logisiyel ɗin da nake da shi sai na buga a takarda kafin in tabbatar da abin da na rubuta, ga tsadar tawada. Shin wanda ya fi yawan piksel zai fi mini, ko zai ƙara dagula lamarin?

Saisi_Bagalam
Allah gafarta Malam, ko a bokon Hausa haka ne. Lanƙwasar ɗ da ƙ takan ɓace a cikin hazon, sai ka ga kamar d da k.

Injiniya_Zariya
Allah gafarta Malam, ya danganta da logisiyel ɗin. In na zamani ne, irin su Word ko LibreOffice na yanzu, ekran mai yawan piksel alheri ne gare ka, don ɗigon da ake zanawa da piksel biyu zai samu huɗu ko fiye, ya fito a rarrabe. In tsohon ne wanda Windows ke ja, gara ekran na tebur mai inci 24 a kashi 100, ka ƙara girman shafin daga cikin logisiyel ɗin kansa. Abin da ke fita a takarda kuwa ba ruwansa da wannan, imprimanti na leza da ɗigo 600 a inci yake bugawa ko fiye, shi ya sa kake ganin gaskiyar rubutun a can.

Bakatsine_Jibiya
Gaisuwa ga mutanen Maraɗi. Ni ina ɗauko kwamfutoci daga Kano, kuma abin da nake gani shi ne kowa ya zo 4K yake tambaya, don ya ji sunan a talabijin. 4K fa 3840 a 2160 ne, piksel sama da miliyan 8, ninki huɗu na Full HD. A inci 15.6 ya kai 282 a inci. Ka buɗe tsohuwar manhajar da ta ce wa Windows za ta ji da kanta alhali ba ta iya ba, ka ga menu ɗin da ko alamar linzami ta fi shi girma. Ga cin batir, ga zafi. Da yanayin wutarmu da zafin bazara, wanda aikinsa rubutu da lissafi ne me zai yi da shi?

Mushe_Lissafi
Amma Alhaji akwai wani abu a 4K da ya kamata a faɗa. A kashi 200 yana ba da filin 1920 a 1080 cif, ninki biyu, irin abin da Zane ke yabo. Tsohon logisiyel da aka ja ninki biyu ya fi wanda aka ja ninki ɗaya da rabi kyan gani, don lissafin ba ya barin saura. Ni a ganina 125 da 150 ɗin nan su ne asalin fitinar.

Bakatsine_Jibiya
A allo haka ne Malam. A aljihu kuma wani lissafin ne.

Hajiya_MaiAtamfa
To ni tambayata, me ya sa wayata ba ta wannan? Ƙaramar aba, rubutu tar, na canja waya ban taɓa ganin ya tsuke ba.

Kodo_Tasawa
Hajiya, don waya ta zo daga baya, ta tarar an riga an sha wahalar. A Android ba a ba mai rubuta manhaja shawarar ya auna da piksel, akwai ma'aunin da ake kira dp, wanda aka ɗaure a kan 160 a inci. Ka ce buton 48 dp, wayar ce za ta lissafa piksel nawa ke nan a gilashinta. Hotuna ma ana ajiye su kala-kala, na ninki ɗaya da rabi, na biyu, na uku. Tun 2009 aka shigar da wannan tsari. Kuma waya ekran ɗaya gare ta, ba wanda ke jan taga daga wannan zuwa wancan.

Wanda ke da manhajar Java da ta tsuke, wannan ma sananne ne. Java 8 takan ce wa Windows ta iya, amma ba ta ƙara girman tagogin da aka gina da kayan aikinta na Swing. Sai a Java 9 ta 2017 aka gyara. Qt, wani kayan gina tagogin manhaja, shi kuma ya fara a 5.6, a Qt 6 ya zama kunne tun daga farko.

Admin_Zaure
Jama'a ana ta tafiya, amma rabin tambayar Malam Saisi na nan ba a taɓa ba, batun ekran biyu. A dawo kanta don Allah. Masu tallar kaya kuma a bari sai ranar talla.

Injiniya_Zariya
Gaskiyar Admin. Kafin Windows 8.1 ta 2013, ma'auni ɗaya ne ga duk ekran da ka jona. Daga nan aka ba kowane nasa, aka ƙara inganta shi a 1703. To logisiyel kashi uku ne. Akwai wanda bai san komai ba, kamar na faktir ɗinka. Akwai wanda ke tambaya sau ɗaya, ya riƙe ma'aunin babban ekran, wato wanda ka naɗa écran principal, ba ya sake tambaya. Akwai kuma wanda ke sauraro, duk sanda ka ja shi wani ekran ya sake zana kansa.

Kumburin da kake gani na ɗan lokaci na kashi na uku ne. Taga na bin ma'aunin ekran ɗin da mafi yawan jikinta yake, sai ta haye rabi take sauyawa, wannan ba ciwo ba ne. Wadda ba ta daidaita ta kashi na biyu ce. Ita maganinta ka naɗa ekran ɗin da ka fi aiki a kai ya zama principal, ka fita daga sesiyon ka sake shiga, sannan ka buɗe ta.

Na faktir kuwa, cire duk alamar da ka sa a Compatibilité, ka ja shi kan mai inci 24 da ke kashi 100. A can ba abin da za a ja, zai fito yadda mai shi ya zana shi.

MaiGyara_SabonGari
Ƙari kaɗan. Kada kowa ya shiga wurin da ake rubuta ma'auni da hannu, mai karɓar 100 zuwa 500. In ka sa lamba a can, duk ekran biyun ita za su bi, ka rasa damar ba kowanne nasa. An taɓa kawo mini wata da yaro ya rubuta 500, ko buton komawa ba ya shiga ekran. Wanda rubutu kawai yake so ya girma, irin Hajiya, akwai Agrandir le texte a cikin Options d'ergonomie, ya ja shi kaɗan. A burauza kuma Ctrl da alamar tarawa, Ctrl da sifili ya maida shi yadda yake.

Daliba_L3
125 ya fito da OK ɗin, na gode Mushe. Saura majigi. Ranar sutunans (kare kundin kammala karatu) ɗin wata ƙawata, tana jonawa sai duk ikon ɗinta suka tarwatse, teburin da ta shirya ya yanke ta gefe. Tawa na tafe, gabana faɗuwa yake.

MaiGyara_SabonGari
Ƙanwata, yawancin tsofaffin majigi 1024 a 768 ne, kuma kusan murabba'i suke, ba faɗi irin na kwamfutarki ba. In kin zaɓi Dupliquer dole su biyun su koma rezolisiyon ɗaya, shi ke tarwatsa komai. Danna maɓallin Windows da P, ki zaɓi Étendre. Ki ajiye kwafin PDF a kile USB, kuma ki nemi a bar ki ki gwada majigin kafin ranar.

Saisi_Bagalam
To ga inda nake. Na bar ƙaramar a 125, babban a 100 kuma shi ne principal. Logisiyel ɗin faktir a kan babban ya fito tsaf, sifili sun cika. Sai dai in wuta ta ɗauke babban ekran ya mutu, taga ta dawo kan ƙaramar da hazonta, kuma lokacin ne 'yan kasuwa suka fi zuwa da gaggawa. 125 ɗin ma da yamma idona na gajiya. Ban dai maida ta ba tukuna.

Dan_Goulbi_227
Ka ji ko? An zagaya an zagaya, an dawo ga maganata. Da mai inci 15.6 ka samu da ba a yi wanga dogon zance ba.

Mushe_Lissafi
Mai inci 15.6 Full HD 141 ce a inci, ita ma sai an sa mata 125, hazon na nan. Sai dai in 1366 kake nufi, ita kuma ya baro ta ne don ta gaji.

Kodo_Tasawa
Ni dai na ce logisiyel ɗin ne ya kamata a canja, ba na'urar ba. Windows 10 ma an daina ba ta sabuntawar kyauta ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025, ko ba jima ko ba daɗe sai an matsa gaba, kuma ekran masu 96 ƙara ƙaranci suke a kwamfutocin hannu. Malam Saisi, bayanan kwastomominka a wane irin fayil yake ajiye su? In yana iya fitar da su zuwa Excel ko CSV, kwashe su ba zai yi wuya ba.

Saisi_Bagalam
Ban taɓa dubawa ba. Akwai dai wani fayil a dosiyensa mai ƙarewa da mdb.

Pingwin_Mokoyo
Fayil ɗin Microsoft Access ne wannan, ana iya buɗe shi. Yi kwafinsa a kile kafin kowa ya taɓa.

Malam_MaiAjami
Injiniya, akwai talabijin mai inci 32 a gida da ba a kallo. In na jona ta a madadin ekran na tebur ɗin da ka ce, za ta yi, ko sai na saya?

Injiniya_Zariya
Allah gafarta Malam, a duba takardar da ke manne a bayanta tukuna. Da yawa daga masu inci 32 ɗin nan 1366 a 768 ne, kusan piksel 49 ke nan a inci, in an zauna kusa ɗigon ba da na ta za su fito da ƙaho-ƙaho. A turo mini lambar samfurin in gani.